Darasi: Yadda Ake Kama Kifin Maski A Ruwan Sanyi

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wani babban kifi da ake kira maski. Yana zaune a tafkuna da kogunan arewa, kamar na jihohin Wiskonsin da Minesota, da na lardin Ontariyo. Kifi ne dogo, bakinsa kamar na agwagwa, cike da haƙora masu kaifi. Abincinsa 'yan'uwansa kifaye ne, kamar yadda giwan ruwa da tsage suke yi a kogunan ƙasar nan. Babba yakan wuce mita 1. A shekarar 1949 an kama wani a Wiskonsin wanda nauyinsa ya wuce kilo 30.

Kama shi da wuya ƙwarai. Mutum yakan yini yana jefa fatsa bai samu ko ɗaya ba. Shi ya sa mutanen can suke yi masa kirari da kifin jifa dubu goma.

Ba da taru ko mamari suke kama shi ba, da fatsa ne. Sanda ce mai ƙarfi, da zaren da ake naɗewa a jikin wani ɗan keke. A bakin zaren sukan ɗaura kifin ƙarya, wanda aka yi da katako ko roba, aka rataya masa ƙugiyoyi. Masunci ya jefa, ya riƙa jawowa. Maski ya ɗauka abinci ne, ya kai cafka.

Me sanyi yake yi wa kifi?

A can sanyi yakan yi tsanani har saman tafki ya daskare ya zama ƙanƙara. Ƙanƙarar takan narke wajen Afrilu ko Mayu. Da zafin ruwa ya kai kamar digiri 10 zuwa 15, sai maski ya shigo gefe inda ba zurfi, ya zuba ƙwai. Doka tana kare shi a wannan lokaci. A Minesota ba a fara kamunsa sai farkon watan Yuni. Ko a lokacin ma, sau da yawa ruwan bai gama ɗumi ba.

Jikin kifi ba kamar na mutum ba ne. Zafin jikinsa yana bin na ruwa. In ruwa ya yi sanyi, sai jikinsa ya mutu, abinci ya daɗe a cikinsa bai narke ba. Ga kuma gajiyar zuba ƙwai. Kifin da yake cikin wannan hali ba zai bi abin da yake gudu ba. Duk dabarar wannan lokaci daga nan ta samo asali.

Wane kifin ƙarya ya dace?

Ƙarami. In ruwa ya yi ɗumi sosai, masunta sukan jefa mai tsawon santimita 30 ko fiye. Amma a farkon kamu sukan koma mai santimita 15 zuwa 20, wato kamar tsawon tafin hannun babban mutum.

Akwai wanda aka sassaƙa shi yadda in an fizgi sanda kaɗan sai ya karkata dama, in an sake fizga ya karkata hagu, kamar kifin da ya ji ciwo. Wannan shi ya fi dacewa da ruwan sanyi, domin ana iya tafiyar da shi a hankali. Akwai kuma mai ɗan faranti na ƙarfe da yake juyawa yana walƙiya, da gashin wutsiyar barewa a bayansa. Shi wannan sai an ci gaba da ja, in an tsaya sai ya nutse. Saboda haka ya fi amfani in ruwan ya fara ɗumi.

Babban sirrin shi ne tsayawa. Masunci ya ja kaɗan, ya dakata, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuciyarsa, sannan ya sake ja. Sau da yawa a lokacin dakatawar nan ne maski yake kai cafka, don ya ga abinci ya tsaya a gaban bakinsa, ba sai ya wahala ba. Sabon shiga yakan ga kamar ɓata lokaci ne, ya yi ta ja da sauri. Irinsa ne yake komawa gida hannu rabbana.

Ina ake nemansa?

Inda ruwa ya fi ɗumi. Lungun tafki marar zurfi, mai baƙin taɓo a ƙasa, shi yake riga ɗaukar zafin rana. Gefen arewa na tafki yakan riga na kudu ɗumi, domin a ƙasashen can rana ta kudu take karkata, haskenta ya fi dukan wannan gefe. Bambancin digiri 1 ko 2 ya isa ya tara ƙananan kifaye, kuma inda suka taru nan maski yake laɓewa, musamman cikin sabuwar ciyawar ruwa. Don haka masunci yakan tafi da ma'aunin zafi. Ba ya kuma yin sammako. Daga azahar zuwa la'asar ya fi, bayan rana ta daki ruwan.

Maski yana da wata ɗabi'a. Yakan biyo kifin ƙarya har gindin kwale-kwale, bai ciza ba. Mai dabara ba ya ɗaga zarensa. Sai ya tsoma bakin sanda a ruwa, ya riƙa zana lamba 8. A ruwan sanyi ana faɗaɗa zanen, domin dogon kifi ba ya iya juyawa a ƙuntataccen wuri.

Tsakanin zare da kifin ƙarya sukan sa guntuwar waya, don kada haƙora su yanke zaren. Duk wanda ya taɓa kama tsage ya san dalili. Rigar hana nutsewa ma dole ce, domin wanda ya faɗa ruwan sanyi, nan da nan gaɓoɓinsa suke sandarewa ko da gwanin iyo ne.

Yawancin maskin da aka kama, mayar da shi ake yi. Kifi ne mai jinkirin girma, kuma ba shi da yawa a tafki. Tun shekarar 2015, a yawancin ruwayen Minesota ba a tafiya gida da wanda bai kai santimita 137 ba. Sukan bar shi cikin babbar koma a ruwa, su cire ƙugiya da filaya. In ta shige da yawa, sai a datse ta. Sannan a riƙe wutsiyarsa a cikin ruwa har ƙarfinsa ya dawo, ya fizge da kansa.