Ƙeya Ba Wurin Duka Ba Ce

Jama'a, kowa ya kai hannu bayan kansa ya shafa. Ɗan tudun ƙashin nan da kuka ji shi ne bangon baya na ƙoƙon kai. A ƙarƙashinsa akwai wata kafa mai faɗi, ta nan laka take fitowa daga ƙwaƙwalwa ta gangara cikin ƙashin baya, ta ratsa ƙasusuwan wuya guda 7.

Abin da ke kwance a cikin wannan lungu ba ƙarami ba ne. Akwai sashen gani, domin ido haske kawai yake ɗaukowa, a ƙeya ake gane ko mene ne aka gani. Shi ya sa wanda ya bugu a wurin yakan ga wuta ta gilma masa. Ƙasa da shi akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai daidaita tafiya da motsin hannu. Ita giya take rikitawa har ka ga mashayi yana tangaɗi a kan hanya. Gabanta kuma akwai tushen ƙwaƙwalwa, wanda ke tafiyar da numfashi da bugun zuciya ko mutum yana barci.

To, ga wurin da muka mayar abin wasa! Yaro ya yi laifi a talle masa ƙeya, ɗalibi ya manta karatu a ranƙwashe shi. Alhali ko a damben zamani, inda duka ne sana'ar, an hana bugun ƙeya. Ɗan acaba kuwa yakan rataye hular kwano a kan babur, wai zafi take yi masa.

Abin tsoro a faɗuwa ta baya shi ne mutum yakan tashi ya kakkaɓe riga, ya ce ba komai, alhali jini yana tsiyaya a cikin ƙoƙon kai. Ƙoƙo ƙashi ne, ba ya buɗewa, saboda haka jinin sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Bayan wasu sa'o'i ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, magana ta sarƙe, ga barcin da ake tashin mutum da ƙyar. Kada a ce gajiya ce a bar shi ya huta, kada kuma a kira wanzami ya kafa ƙaho, domin jinin ƙaho na fata ne, bai kai ga na ciki ba. Asibiti za a nufa nan take. In kuwa wanda ya faɗi bai iya tashi ba, kada a sungume shi hannu da ƙafa kai yana reto. A riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗauke shi a kan abu mai ƙarfi, ko da ƙyauren ƙofa ne.

Wata cutar kuma ba duka ne ke kawo ta ba. Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, yana yawaita daga hunturu zuwa bazara, musamman inda ake kwana a cunkushe. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Ku gwada yaro mai zazzaɓi: in ƙeyarsa ta sandare, haɓarsa ta kasa taɓa ƙirji, haske kuma yana damunsa, kada a kwana da shi a gida. Jariri ba lalle wuyansa ya sandare ba, shi maɗigarsa ake dubawa ko ta kumbura. Akwai allurar rigakafi, kuma tun 2024 aka fara yin wadda ke kare nau'i 5 na ƙwayar cutar a Nijeriya.