San Itacen Gonarka Tun Bai Yi 'Ya'ya Ba

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi ya san ɗinya idan ta nuna ta yi baƙi wuluk, ya san kanya idan ta yi ruwan ɗorawa tana zubowa. Sai dai ba a wannan lokacin ake yanke wa itace hukunci ba. A watan Maris da Afrilu ake sharar gona, lokacin da abin da ke gabanka toho ne kawai daga kututture, bai wuce gwiwa ba. 'Yan ƙwadago kuwa gona suka yi jinga, sauri suke yi, kowane toho ciyawa ne a wurinsu. Wanda ya tsira daga adda, maganin feshi ya gama da shi da farkon damina. Manyan itatuwa kuma masu gawayi na zagaya su. Shi ya sa za ka bi hanyar Bakori zuwa Ƙafur ka ga tsofaffin ɗorawa da kaɗanya tsaye a gonakin masara, amma da wuya ka ga ƙananan da za su gaje su. Ga shi rashin tsaro ya sa shiga dazukan Faskari da Sabuwa neman 'ya'yan itace ya zama kasada, don haka na cikin gona su ne abin riƙo.

Maganin abin shi ne ka koyi gane itace da ganyensa, da ɓawonsa, da ƙayarsa, da ruwan da yake fitarwa idan an karya shi.

Fara da kaɗanya, domin ita ce asararta ta fi ciwo: takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta soma 'ya'ya. Ganyenta dogo ne mai lanƙwasa a gefe, yana taruwa cunkus a ƙarshen reshe. Ɓawon babba mai kauri ne, ya tsattsage gida-gida kamar bayan kada. Tsinke ganye ɗaya ka duba, za ka ga farin ruwa mai danƙo ya tsattsafo. Wannan ruwan shi ke raba ta da namijin kaɗanya, wanda suke kama sosai a ido. Shi ba ya fitar da farin ruwa, sabon ganyensa ja ne, jijiyoyin ganyen kuma sirara ne jere kusa da juna. Duk da sunansa, wani itace ne daban, kaɗanya ba ta bukatarsa kafin ta haihu.

Ƙaramar ɗorawa ana yawan sare ta ne saboda ganyenta ƙanana ne irin na bagaruwa da farar ƙaya. Shafa reshen a hankali. Idan babu ƙaya ko ɗaya, dakata da addar. Tsamiya ma ba ta da ƙaya, amma ganyenta layi ɗaya ne a kan tsinke, ita kuwa ɗorawa tsinken ganyen sai ya sake rarrabuwa kafin ƙananan ganyen su jeru. Ɗinya ba ta da wahala: ganye biyar ne ke fitowa daga wuri ɗaya. Aduwa ganye bibbiyu da doguwar koriyar ƙaya. Gwandar daji gajera ce, ganyenta faffaɗa, idan ka murza shi yana ƙamshi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne dangin magarya. Su uku ne a wajenmu, kuma duk suna da ƙaya bibbiyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya mai ƙugiya, da manyan jijiyoyi uku a ganye. Juya ganyen. Idan bayansa fari-fari ne mai laushin gashi, magarya ce. Idan kore ne ciki da baya, rassan kuma farare, mai yiwuwa kurna ce, wadda ta fi girma kuma ta fi son gefen gari. Idan ganyen ya fi faɗi yana sheƙi, 'ya'yan ja-ja ne masu ɗaci da ƙarancin nama, magaryar kura ce. Wannan ka bar ta a shinge, nan take da amfani.

Akwai kuskuren da manoma masu lura ma suke yi. Mutum zai ce kanyar gonarsa juya ce, shekara da shekaru ba ta taɓa haihuwa ba, sai ya sayar wa mai gawayi. Kanya da danya da giginya da goruba duk suna da namiji da mace a bishiyoyi daban. Namijin fure kawai yake yi, amma idan aka kawar da mazan yankin gaba ɗaya, matan ma sai su daina ɗaukar 'ya'ya. Kafin ka sare, duba ko akwai wani namijin a kusa.

Ba na ce ka mai da gonar masara kurmi ba. Inuwar ɗorawa tana rage amfanin da ke ƙarƙashinta, duk manomi ya san haka. Abin yi shi ne ka zagaya gonar da kanka kafin ma'aikata su shiga, tare da wani dattijo ko makiyayi ko matan da ke tsintar kaɗe, domin sun fi yawancinmu sanin daji. Kututturen da ka zaɓa, bar masa toho biyu ko uku mafi ƙarfi, ka sassabe sauran, ka kafa turke ka ɗaura tsumma mai launi don mai feshi da mai garma su gani. Fifita na kan iyaka da bakin rafi da gefen suri, inda kanya ta fi so. Wannan dabarar ce aka fara yaɗawa a Maraɗi wajen 1983, ta hannun Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, manoman can suna kiranta sassabin zamani. An ƙiyasta ta dawo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar, ƙasar da ba ta samun ruwan da Ɗandume ke samu. Toho daga tsohuwar saiwa ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba.

Sai batun yara, wanda ya fi komai gaggawa. Maganar da ake yi cewa abin da tsuntsu ko akuya suka ci ba zai cutar da mutum ba, ba gaskiya ba ce. Ɗanɗano ma ba ma'auni ba ne. Ƙwayar bini-da-zugu, wanda muke shinge da shi a bakin gida, tana da garɗi kusan na gyaɗa, kuma 'yan kaɗan sun isa su sa yaro amai da gudawa mai tsanani. Ƙwayar zurman da ta idon zakara, ja mai ɗigon baƙi da yara ke wasa da ita, suna iya kisa idan aka tauna. Zaƙami yana gusar da hankali. Ruwan tumfafiya yana lahanta ido. Ko cikin waɗanda ake ci akwai ƙa'ida: tsada a sha naman a tofar da ƙwallon, kokiya kuma sai ta nuna sosai, ba a tauna ƙwayarta. Idan yaro ya ci abin da ba a sani ba, kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci da reshen itacen.

Itacen da ya gagari dattawan gari, a yanko reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya idan akwai, a shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida a danne da abu mai nauyi, kada a ƙulle shi a leda ya ruɓe. A ɗauki hoton ɓawon da na itacen gaba ɗaya da waya, a rubuta wurin da watan da aka tsinko. Malamin gona na ƙaramar hukuma zai iya dubawa, in ya faskara kuma sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, yana da ma'ajiyar busassun ganyaye da ake gwada irin wannan da su.