Keken Lantarki a Ƙasar Waje: Abin da Baƙo Zai Duba Kafin Ya Biya

Duk wanda ya tashi a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ba sai an gaya masa amfanin abin hawa mai ƙafa biyu ba. A babur ake kai shinkafa kasuwa, a kansa ake karya kwana a Kwanar Dangora a nufi Falgore. Sai mutum ya sauka Landan ko Manchester ko Balin, ya tarar kuɗin bas da jirgin ƙasa na cin kaso mai tsoka a albashi, wani lokacin ma aikin na asuba ne, kafin motoci su fara zirga-zirga. Shi ya sa baƙi da yawa ke komawa ga keken lantarki. Amma ɗan'uwa, lissafin sayen babur na gida ba zai yi maka a nan ba. A gida ƙarfi da gudu ake tambaya. A Turai doka da batir ake fara dubawa.

Doka tukuna

A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, keken da ake hawa babu lasisi, babu lamba, babu inshora, shi ne mai feda, wanda ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma injin ke daina turawa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Za ka ga 'yan kai abinci na sheƙa gudu a kan masu wat 1,000, suna murɗa hannu ba sa taka feda. Kada su burge ka. A idon doka wannan babur ne, 'yan sanda na ƙwace shi, kuma laifin tuƙi babu lasisi babu inshora ba abu ne da mai zaman biza zai so a takardunsa ba. A Amurka dokar ta fi sassauci, ana barin har wat 750, sai dai kowace jiha da nata tsarin. Ka kuma tuna a Ingila ta hagu ake bi.

Batir shi ne rabin kuɗin

Ka duba lambobi biyu a jikinsa ka ninka su: volt 36 sau amp-awa (Ah) 10 ya ba ka wat-awa (Wh) 360. Irin wannan kan kai mutum kilomita 30 zuwa 50, ya danganta da nauyinka da tudu da iska, sanyin hunturu kuma na rage masa ƙarfi. Idan zuwa da dawowarka kilomita 20 ne, ya ishe ka, kada ka biya kuɗin babba.

Wurin da ba a neman rangwame shi ne inganci. Batir marar suna da cajar da ba tasa ba su ne kan gaba wajen tayar da gobara, mai wuyar kashewa kuwa. Saboda haka ne birnin New York ya hana sayar da keken lantarkin da ba shi da shaidar inganci ta UL tun 2023, hukumar sufurin Landan kuma ta hana shiga jiragenta da keken lantarkin da ba ya naɗuwa daga 31 ga Maris, 2025. Ka nemi alamar CE ko UKCA. Kada ka yi caji kana barci, kada ka yi shi a bakin ƙofar da za ka fita in wuta ta tashi.

Inji da birki

Injin da ke cikin cibiyar taya ya fi araha, kuma ya wadatar a gari mai shimfiɗa kamar Balin ko Kambirij. In garinku mai hawa da gangara ne irin na duwatsun Riruwai, kamar Sheffield ko Bristol, injin tsakiya na Bosch ko Shimano ya fi jan tudu, amma da tsada. Ka zaɓi birkin faifai don ruwan sama, da fitila fara a gaba, ja a baya, domin doka ta wajabta su da dare. Ka ɗaga keken kafin ka saya: kilo 25 ba wasa ba ne ga mai zama a hawa na uku.

Inda sauƙin yake

Ka tambayi wurin aikinka ko suna cikin shirin Cycle to Work, wanda ke aiki a Birtaniya tun 1999. Ana cire kuɗin a albashi wata-wata kafin haraji, sai dai ba a barin cirewar ta sauke ka ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Jamus ma na da makamancinsa. Shaguna irin Decathlon da Halfords na da masu sauƙin farashi, ga garanti, ga wurin gyara.

Na hannu kuwa sai da hattara, araha ba ta ado. Ka karɓi rasit, ka duba lambar jikin keken a shafin BikeRegister kada ka sayi na sata, ka tambayi shekarun batir, domin sabo na cin ɗaruruwan fam. Ka ware kuɗin makulli mai ƙarfi da hular kwano tun cikin kasafinka. Ranar hutu kuma ka bi hanyar aikin sau ɗaya, ka san kwanoninta da lokacin da take ci kafin safiyar Litinin.