Darasi Na Goma Sha Biyu: Iskar Cikin Ɗaki

Mutum yana iya kwana uku bai ci abinci ba, ya tashi. Yana iya wuni bai sha ruwa ba, kamar yadda mu ke yi da azumi. Amma wa zai iya toshe hancinsa da bakinsa har a gama sallar azahar? Babu.

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti ɗaya. Jariri kuwa ya fi haka sauri ƙwarai. Cikin wuni da kwana, iskar da babban mutum ya ke shaƙa ta kai lita 10,000. Watau cikin duro 50 ke nan, irin babban duron nan na kananzir. To, muna tace ruwan sha, muna tsince tsakuwa daga shinkafa. Amma ba mu cika duba irin iskar da mu ke zuba wa huhunmu ba. Mafi yawanta kuwa cikin ɗaki mu ke shaƙarta, domin a nan mu ke barci.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Wata shekara cikin hunturu na fita rangadin duba azuzuwa. Dare ya yi mini a wani ƙauye, aka sauke ni a gidan wani dattijo mai kirki. Da ya ga ina rawar ɗari, sai ya aiko yaro da kasko cike da garwashin gawayi. Yaron ya ajiye kaskon kusa da gado, ya cusa tsumma a 'yar tagar ɗakin, ya ja ƙyaure. Na ji daɗi ƙwarai, na yi godiya, na kwanta.

Can tsakar dare na farka, kaina kamar ana sara da gatari. Zuciyata tana tashi. Na yunƙura in miƙe, ƙafa ta ƙi. Da jan ciki na kai bakin ƙofa, na tura ƙyauren, na kwanta a tsakar gida cikin sanyi har na dawo hayyacina. Da gari ya waye mutanen gidan suka taru suna yi mini sannu. Wata tsohuwa ta ce, “Malam, ai iska ce ta taɓa ka.” Na ce, “Gaskiyarki, Iya, iska ce. Amma ba irin wadda ki ke nufi ba.”

Ga abin da ya faru. Cikin iskar da Allah ya ba mu akwai wani kashi mai rayarwa, ana kiransa oksijin. Shi ne kashi 21 cikin 100 na iska. Mutum yana bukatarsa, wuta ma tana bukatarsa. Malaminku zai nuna muku. Zai kunna kyandir, ya kife shi da kwalba mai faɗin baki. Ba za a daɗe ba wutar za ta mutu. Idan gawayi yana ci a wurin da iska ba ta isa, yakan fitar da wata iska mai dafi, sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye. In ta shiga huhu, jini yakan kama ta ya riƙe fiye da yadda ya ke kama oksijin, har ninki 200 da ɗoriya. Sai jinin ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da su ke bukata. Mai barci ba ya sanin abin da a ke ciki. Daga barcin sai ya zarce.

Ku lura da wannan. Kada wani ya ce, “Ai fitila tana ci, ashe iskar ɗakin lafiya ta ke.” A'a. Wannan dafi yana kashe mutum tun fitila tana ci sarai.

Janareta ma ita ce irin iskar da ya ke fitarwa, har ya fi gawayi. Kun sha ji a rediyo an ce an wayi gari an tarar da mutanen gida ɗaya duk sun rasu a ɗaki, ba rauni a jikin kowa. Sau da yawa janareta ne aka shigo da shi cikin ɗaki, ko bakin ƙofa, don tsoron ɓarawo. Wurinsa waje ne, nesa da ƙofa da taga kamar ƙafa 20. A yi masa 'yar rumfa, a ɗaure shi da sarƙa. In kuwa kun sami mutum ya sume a irin wannan ɗaki, ku buɗe ƙofa, ku fitar da shi fili nan da nan. Kada ku ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Ku kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Wannan kisan dare ɗaya ke nan. Akwai kuma mai kisa a hankali, shi ne hayaƙin murhu.

Ku shiga madafin gidanku, ku ɗaga kai. Kun ga kunkunniyar nan da ta baƙanta azara? Irin hayaƙin da ya yi wannan aiki shi ne uwargida ta ke shaƙa safe da yamma, shekara da shekaru. Goyon da ke bayanta ma yana shaƙa. Cikin hayaƙi akwai ƙura ƙanana ƙwarai. Sai an jera kamar 30 kafin su kai kaurin gashin kai guda ɗaya. Gashin hanci ba ya tare su. Sukan wuce har ƙarshen huhu, waɗansu ma su shiga jini. Su ke kawo ciwon huhu ga yara, da tari mai daɗewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Cikinsu fiye da 237,000 yara ne da ba su cika shekara 5 ba.

Mu maza muna zaune a zaure muna jiran tuwo, muna cewa mata sun faye tari. Ni ma na faɗi haka kafin in sani.

Na san ba kowa ke da kuɗin tukunyar gas ba. Amma akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Busasshen itace ya fi ɗanye ƙarancin hayaƙi, saboda haka a tara itace tun da rani, a ajiye inda ruwa ba ya taɓa shi. Kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba. In ba ruwa a ke yi ba, a yi girki a fili ko ƙarƙashin rumfa. A sauke goyo, a ba wata ta riƙe shi nesa da murhu. Murhun zamani mai cin itace kaɗan yana rage hayaƙi, wanda ke da bututun da ke fitar da shi waje ya fi. Amma in faɗa muku gaskiya, ba su kai gas ko lantarki tsabta ba. Mai gas kuma ya bar taga a buɗe, in ya ji wari kada ya ƙyasta ashana.

Ko ba wuta a ɗaki, mutane da kansu suna ɓata iska. Duk numfashin da mu ka fitar yana ɗauke da wata iska da jiki ya gama da ita, ana kiranta kabon dayoksaid. A fili ba ta da yawa, kaɗan ta ɗara kashi 400 cikin miliyan. Cikin shekarar 1858 wani likita a birnin Munich na ƙasar Jamus, sunansa Max von Pettenkofer, ya auna iskar ɗakuna. Ya ce in wannan iska ta wuce kashi 1,000 cikin miliyan, to, ɗakin ba ya samun sabuwar iska yadda ya kamata. Har yau masu gini suna aiki da wannan lamba. Ba wai wannan kaɗan ɗin ne ke kisa ba. Alama ce. Tana nuna cewa abin da wani ya fitar shi wani ke shaƙa. In mutum bakwai suka kwana a ɗaki rufe, ɗaya yana da tarin fuka ko ƙyanda, sauran shida sun kwana suna shaƙar ƙwayar cutarsa.

Haka kuma sanƙarau. Ku tambayi manya labarin shekarar 1996. Cikin wannan shekara cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa, fiye da 11,000 suka rasu. Lokacinta shi ne rani, sa'ad da ƙura da bushewar iska su ke rauna hanci da maƙogwaro. Cunkoso a ɗaki yana taimakonta ƙwarai. Taga ba ta maye gurbin allurar rigakafi, a je a yi. Amma da bazara a rage yawan masu kwana ɗaki ɗaya.

Saboda waɗannan abubuwa ne hukumomi suka sa wa iska ma'auni, kamar yadda a ke sa wa hatsi mudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan danshi da fumfuna cikin 2009, domin bango mai jiƙa yana tayar da ciwon asma. Cikin 2010 ta fitar da wata a kan iskoki masu dafi. Cikin 2014 ta fitar da ta makamashin girki, inda ta ce ya fi kyau a guji kananzir. Cikin 2021 ta ƙara tsananta iyakar ƙurar nan ƙanana. Ta kuma ce a ɗakin girkin da ba mafitar hayaƙi, ƙurar tana iya ninka abin da aka yarda da shi har sau 100.

A Amurka har takardar shaida a ke ba gini. Akwai wani tsari da aka fara cikin 2014, sunansa WELL. Mai gini yakan nemi a zo a duba. Masu dubawa su zo da na'urori, su auna iska, da ruwa, da haske, da ƙara. Ba a yarda a sha taba cikin ginin ba. In ya ci jarrabawa a ba shi shaida, akwai ta azurfa, akwai ta zinariya, akwai wadda ta fi su. Bayan shekara 3 sai an sake dubawa. Yawanci manyan ofisoshi ne ke neman wannan, kuma da tsada. Nijeriya ma tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Amma a ƙauye, in mutum zai yi ɗaki, daga shi sai magini. Saboda haka kowa shi ne duba-garin gidansa.

Kakanninmu ba su san na'ura ba, amma ɗakin jinka yana numfashi. Hayaƙi yana fita ta cikin ciyawa, iska tana shiga ta ƙarƙashin jinka da ta asabari. Yanzu mun koma bulo da siminti da kwano, mun sa ƙyauren ƙarfe, mun buga sili. Ɗaki ya yi kyau, ya kuma toshe kamar tulu. Amma tagar ba ta ƙaru ba, tana nan kamar tafin hannu.

To, yaya girman taga ya kamata ya zama? Akwai tsohuwar ƙa'ida ta Ingila mai sauƙin riƙewa. Ta ce faɗin tagogi duka ya kai kashi 1 cikin 10 na faɗin daɓen ɗaki, kuma aƙalla rabinsu ya zama mai buɗuwa. Ga lissafi. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10. A buga 12 sau 10, ya ba da 120. A raba 120 gida 10, ya ba da 12. Taga mai tsawon ƙafa 3 da faɗin ƙafa 2 ta ba da 6. Ashe irin wannan ɗaki taga biyu ya ke so.

Kada a jera su a bango ɗaya. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. A sa ɗaya a wannan bango, ɗaya a wanda ke dubansa. Wannan yana da wani amfani kuma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke zuwa. Ranar da ta taso da ƙura, a rufe tagar wannan gefe, a bar ɗayar. Iska mai zafi da hayaƙi sama su ke yi, saboda haka a bar 'yan kafofi can kusa da rufi, waɗanda ba a toshewa ko da sanyi. A madafi wannan tilas ne.

Duk ajin da na faɗi haka sai wani ya ɗaga hannu. Wani ya ce ɓarawo. Wani ya ce sauro. Wani ya ce masu wucewa za su leƙa iyalinsa. Duk maganganun hankali ne. Maganin ɓarawo sandunan ƙarfe, maƙeri yana yi. Maganin sauro ragar waya a taga da gidan sauro a gado. Wannan ya fi kwana da hayaƙin maganin sauro a ɗaki rufe, ya kuma fi yayyafa fiya-fiya inda yara su ke barci. Maganin masu leƙe a ɗaga tagar ta wuce tsayin mutum. Sanyi kuwa, bargo da ƙarin riga. In tilas ne a ɗumama ɗaki, a yi tun da magariba ƙofa tana buɗe, sa'an nan a fitar da kaskon kafin a kwanta. Wanda ya yi sabon fenti ya bar tagogi a buɗe kwanaki, sai warin ya tafi sa'an nan a tare.

Kafin aji na gaba kowa ya auna ɗakin da ya ke kwana. In ba ka da abin awo, nemi kara, malaminku zai yanka maka shi daidai ƙafa ɗaya. Auna tsawon ɗakin da faɗinsa, auna tagar, ka ƙirga mutum nawa ke kwana ciki. Rubuta lambobin cikin littafinka da hannunka, ka kawo, a yi lissafin tare a kan allo.