Tarin Fuka a Mahaɗar Jijiya da Ƙashi

Yawancin mutane suna zaton tarin fuka ciwon ƙirji ne kaɗai, amma ba haka ba ne. Ƙwayar cutar, wadda wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano a 1882, ta kan shiga ta huhu, sa'an nan jini ya kan iya ɗaukarta ya kai ta ƙashi.

Ku shafa bayan dunduniyarku, za ku ji wata jijiya mai tauri, watau agara. Irin wannan jijiya ce ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai ta a gwiwa, da gwiwar hannu, da kwatangwalo. Ta hanya biyu cutar ke taɓa waɗannan mahaɗai. Ta fari, ƙwayar ta kan zauna a ƙashin da jijiyar ke kamawa, kamar tudun ƙashin cinya na gefen kwatangwalo, ta yi ta ci a hankali har mugunya ta taru. Kumburin ba ya zafi in an taɓa, ba kamar maruru ba. Ta biyu, ƙwayar tana can a huhu ko a kaluluwar wuya, amma yaƙin da jiki ke yi da ita ya sa gaɓoɓi da mahaɗan jijiya su kumbura. Wani likitan Faransa, Antonin Poncet, shi ya bayyana irin wannan ciwon gaɓoɓi a 1897.

To, ga inda hatsarin ya ke. A kan ɗauka sanyin ƙashi ne ko targaɗe, a yi ƙaho ko tsaga, wurin ya zama gyambo mai yoyo, ƙashi kuwa yana ta lalacewa. Kadan ciwon ya yi makonni, ga rama, ga zazzaɓin maraice da gumin dare, lalle a tafi asibiti a ɗauki hoton ƙashin, a auna mugunyar.

Magani akwai. A kan fara da iri huɗu tare wata 2, a ci gaba har a cika wata 6 a ƙalla. Na ƙashi ya kan kai 9 ko 12. Wanda ya bari don ya ji sauƙi, ƙwayar ta kan dawo ta ƙi jin magani.

'Yan'uwa, gobe mu ne malamai. Yaron da kuka ga ya daɗe yana ɗingishi, kada ku ce ƙiwuya ce. Ku tambaye shi, ku gaya wa iyayensa, ku aika da shi wurin likita tun da sauran ƙashi.