Darasi na 27: A kan keke zuwa Yahiko

Yara, a watan Janairu muna cikin hunturu. Iska tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura. Hazo ya kan rufe gari, leɓuna su tsattsage. A wannan wata akwai wata ƙasa mai nisa da ita ma iskar sanyi take kaɗawa, amma ba ƙura take kawo musu ba. Ƙasar ita ce Japan.

Japan tana gabashin nahiyar Asiya. Ƙasa ce ta tsibirai, manya daga cikinsu guda 4 ne. Mafi girma shi ne Honshu. A gefensa na yamma, a bakin Tekun Japan, akwai jihar Nigata.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iska mai tsananin sanyi tana tasowa daga Siberiya, cikin ƙasar Rasha. A bushe take tasowa. Idan ta ratsa teku, sai ta kwashi tururin ruwa, ya zama gizagizai. Da ta isa Honshu sai ta ci karo da manyan duwatsu. Ta hau sama, ta ƙara sanyi, ruwan da ke cikinta ya daskare, ya zubo fari fat. Shi ake kira dusar ƙanƙara. Ba irin ƙanƙarar da ke faɗowa da damina ba ce. Tana da laushi da rashin nauyi kamar auduga. A wasu ƙauyukan kan dutse, tsayinta a ƙasa ya kan wuce mita 2. Iskarmu Sahara ta ratso, shi ya sa take zuwa da ƙura. Tasu kuwa teku ta ratso.

A bakin wannan teku akwai wani garin masunta, sunansa Teradomari. A can wani yaro yake, Taro, ɗan shekara 11. Babansa masunci ne. Kowace sabuwar shekara ya kan je Yahiko, wani tsohon wurin ibada na addinin Shinto. Bana Taro ya ce zai bi shi a kan kekensa.

Babansa ya ce: «Hanyar tana da santsi. Za ka ji maganata?»

Taro ya ce: «Zan ji, Baba.»

Suka jira ranar da iska ta lafa. Da safe suka shirya. Kowa ya sa riga uku, da safar hannu, da hular kwano. Baban ya duba birki da fitila. Tayoyin kekunan na lokacin sanyi ne, suna da ƙananan ƙusoshi masu kama ƙanƙara. Inna ta ba su shayi mai zafi da dunƙulen shinkafa.

Suka kama hanyar bakin teku, suka nufi arewa. A hagu, teku ta yi launin toka, igiyar ruwa tana dukan duwatsu. Can nesa suna hangen tsibirin Sado. A dama, tuddai da itatuwa da rufin gidaje duk sun yi fari. A bakin teku dusar ba ta kai ta kan duwatsu yawa ba, amma iska ta fi ƙarfi.

Da suka iso wata gada, baban ya sauka, ya ce: «Sauka mu tura. Gada ta kan riga hanya daskarewa, domin iskar sanyi tana wucewa ta samanta da ta ƙarƙashinta.»

Taro ya duba, ya ga kwalta baƙa sumul, babu ko dusa a kai. Ya ce a ransa: «Ai nan ma ya fi kyau.» Ya taka feda da ƙarfi. Ashe siririyar ƙanƙara ce ta lulluɓe kwaltar, ido ba ya ganinta. Keke ya fara karkata. Taro ya matse birki. Sai ji ka yi rim! Ya faɗi a gefen hanya.

Baban ya sheƙo ya ɗaga shi. Gwiwarsa ta ɗan kurje, amma hular kwano ta kare kansa. Baban ya ce: «Ka gani? Ƙanƙarar da ba ka gani ta fi wadda kake gani haɗari. Mu koma gida?»

Taro ya share hawaye, ya ce: «A'a, Baba. Ka yi haƙuri. Duk inda ka sauka zan sauka.»

Suka sha shayi, suka ci gaba a hankali. Hanya ta bar teku, ta zagaya dutsen Yahiko, mai tsayin mita 634. Suka shiga gonakin shinkafa, duk a kwance ƙarƙashin dusa. Daga nesa suka hango wata babbar ƙofa ja, ginshiƙai biyu da sanduna a gicciye. Sunan irin wannan ƙofa «tori». An gina wannan a 1982, tsayinta kusan mita 30.

Wurin ibadar yana gindin dutsen, cikin kurmin dogayen itatuwa. Suka ajiye kekuna, suka shiga da ƙafa. Wurin ya yi tsit. Dusa tana shanye ƙara, shi ya sa ba ka jin komai sai takun sawu. A bakin hanya akwai wurin ruwa. Suka wanke hannu da baki, kamar yadda al'adarsu take. Babban ɗakin na katako ne. Gobara ta cinye na da a 1912, aka sake gina wannan cikin ƴan shekaru. Mutanen yankin sun yi imani cewa wanda suke girmamawa a nan shi ya koya wa kakanninsu kamun kifi, da dafa gishiri, da noman shinkafa. Taro da babansa suka rusuna sau 2, suka tafa hannu sau 4, suka ƙara rusunawa sau 1. A yawancin wuraren ibadar Shinto sau 2 ake tafawa. A Yahiko sau 4 ne.

Da suka fito, Taro ya ce: «Baba, ina ma a ce dusar nan ba ta zuba!»

Baban ya nuna masa gonaki, ya ce: «Da ba ta zuba, da wane ruwa za a noma waɗannan? Idan sanyi ya wuce, dusar kan duwatsu za ta narke sannu sannu, ta gangara cikin koguna.»

Gaskiyar baban ne. Kogin Shinano, wanda ya fi kowane kogi tsawo a Japan, kilomita 367, a jihar Nigata yake shiga teku. Kuma Nigata ta fi kowace jiha a Japan noman shinkafa.

A Janairu rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe 5 na yamma. Don haka suka juya da wuri. Da suka iso gadar nan, Taro ne ya fara sauka.

Ma'anar kalmomi
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Daskarewa: ruwa ya zama ƙanƙara. Haka tana faruwa idan sanyi ya kai digiri 0.
Kurmi: wuri mai itatuwa da yawa a cushe.

Mu koyi Faransanci
keke: le vélo
teku: la mer
iska: le vent
dusar ƙanƙara: la neige
gada: le pont

Tambayoyi
1. Daga ina iskar sanyi take zuwa Japan?
2. Me ya sa iskarmu take kawo ƙura, tasu kuma dusar ƙanƙara?
3. Don me baban Taro ya sauka a bakin gada?
4. Wane kuskure Taro ya yi? Me ya kare kansa?
5. Wane amfani dusar ƙanƙara take yi wa manoma?

Aiki
1. Ku nemi Japan da Siberiya a taswirar duniya.
2. Ku rubuta jimla 5 kan yadda kuke shiri idan za ku yi tafiya da hunturu.