Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Aka Gina Madatsar Ruwa ta Tiga?

Wani mai sauraronmu daga Kiru ya aiko yana tambaya: shin yaya aka tafiyar da aikin gina madatsar ruwa ta Tiga, kuma wa ke kula da ita yanzu?

To malam, madatsar tana Ƙaramar Hukumar Bebeji. An fara aikinta a 1971, aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ta tare Kogin Kano ne, wanda ke gangarowa ta dajin Falgore.

Irin wannan aiki, awo ake fara yi: yawan ruwan da kogi ke kawowa, da ƙarfin ƙasar wurin. Bangon Tiga na ƙasa ne, tsawonsa kusan kilomita 6. Ana zuba ƙasar kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a daddanne da manyan injuna, a gwada ƙarfinta kafin a ƙara wata a kai. Mai kula da aiki kuma dole ya yi lissafi da damina, don ruwa ba ya jiran ɗan kwangila.

A yau Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da madatsar, hukumar ce kuma ke sakin ruwa zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura.

Da fatan ka gamsu.